Littafin Takarda Ko Na Waya?

Ya Edita,

Ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan yadda karatun littattafan Hausa ya koma cikin waya.

Ba na ƙin wannan sabon salo. Marubuta da dama, musamman mata, waɗanda kuɗin ɗab'i ya fi ƙarfinsu, yanzu suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, mai karatu a Maraɗi ko Kumasi ya samu nan take. Ni ma labaran soyayya a waya nake karanta su.

Amma littafin da nake son in riƙa koma masa, sai na takarda. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta fara fitowa tun 1937, har yau uba yana miƙa wa ɗansa ita. Labarin waya kuwa, da zarar waya ta lalace ko zauren WhatsApp ɗin ya watse, shi ke nan, ko marubuciyar ba lallai ta sake samunsa ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rashin gyara. Haruffa masu lanƙwasa sun ɓace, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, kuma daga nan 'ya'yanmu suke koyon rubutun Hausa. Ga masu kwafe aikin mutum su rarraba kyauta.

Ina kira ga marubutanmu su riƙa ba masana su duba aikinsu, su kuma buga ko da kwafi kaɗan ne domin ɗakunan karatu na makarantu.

Wassalam,
Wata mai karatu daga Gusau