Ƙungiyar 'Yan Kora Da Ta Kai Wasan Ƙarshe A Shekararta Ta Farko

  A wannan watan mun jingine maganar kasuwa da ta iyaka, za mu leƙa fagen wasanni, amma ba ƙwallon ƙafar da muka saba ba. Labarin wata ƙungiyar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara muka kawo muku, mai suna Vegas Golden Knights ta ƙasar Amurka, da abin da ta yi a kakar wasa ta 2017 zuwa 2018.

Mun san wani zai ce ina ruwan biri da gada? Mu da ba mu san wata ƙanƙara ba sai ta firigo, wadda ake bin layi a saya lokacin azumi in ba a ɗauke wuta ba. To a yi haƙuri a biyo mu. Shi kansa garin da abin ya faru, wato Las Vegas, a tsakiyar hamada yake a jihar Nevada, kuma zafinsa na watan Yuli yana kai digiri 40, kamar namu na Afrilu. Ƙanƙarar tasu ta inji ce. A cikin wani katafaren zaure ake shimfiɗa bututu masu sanyi a ƙarƙashin daɓe, a kwarara ruwa a kai har ya daskare.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Filin ya kai mita 61 a tsawo, 26 a faɗi. Kowane ɓangare mutum shida ne har da mai tsaron gida, suna sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa da suke sulɓi da su, kowa riƙe da gora mai lanƙwasa. Abin da ake bugawa wani baƙin faifan roba ne mai tauri wanda bai fi tafin hannu ba. Ana yin zango uku na minti 20, kuma saboda tsananin gudu ba mai iya daɗewa a fili, minti ɗaya ya yi yawa, sai wasu su fita wasu su shigo ba tare da an tsayar da wasa ba. Wanda ya yi laifi akan zaunar da shi a gefe na minti biyu, kamar ɗalibin da aka sa gwale-gwale, 'yan uwansa su ci gaba da mutum ɗaya a rage. Babbar gasar ita ce NHL ta Amurka da Kanada, wadda aka kafa a 1917. A waccan kakar kowace ƙungiya wasa 82 ta yi daga Oktoba zuwa Afrilu, sannan 16 daga cikinsu suka shiga sili-ɗaya-ƙwale don neman Kofin Stanley, wanda aka fara bayarwa tun 1893.

Wani attajiri mai suna Bill Foley ne ya biya dala miliyan 500, abin da ya haura sefa miliyan dubu 250, don a ba shi izinin kafa ƙungiya ta 31. To kuɗi sun sayi izini, amma ina 'yan wasa? Dokar gasar ta ce kowace daga cikin tsofaffin ƙungiyoyi 30 ta killace 'yan wasanta 11, ko 9, gwargwadon tsarin da ta zaɓa, ban da sabbin shiga da doka ta riga ta kare. A cikin ragowar ne sabuwar ƙungiya za ta ɗauki mutum ɗaya daga kowace. Misalin abin shi ne mutum ya shiga kara bayan kowane makiyayi ya ware bijimansa na ƙwarai ya kora gida, a ce masa bismilla, zaɓi. Ranar 21 ga Yuni 2017 aka bayyana sunayen.

Abin mamaki, wasu ƙungiyoyin har da toshiya suka haɗa don a ɗauke musu wane a bar musu wane. Manajan sabuwar ƙungiyar, George McPhee, ya zauna yana karɓa hannu bibbiyu. Pittsburgh ta ƙara masa kyauta don ya ɗauki mai tsaron gida Marc-André Fleury, mutumin da ya ci kofi sau uku da su amma wani matashi ya ƙwace masa gurbi. Florida ta bar Jonathan Marchessault a waje, alhali ya ci 30 a kakar da ta wuce, ta kuma haɗa da Reilly Smith a kan farashin da bai taka kara ya karya ba. Columbus kuwa ta sadaukar da damarta ta zaɓen farko a rabon matasan 'yan wasa na shekara, don a ɗauke mata nauyin albashin wani majinyaci, a kuma ɗauki wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna William Karlsson maimakon waɗanda take ji da su. A riƙe sunan nan, za mu dawo kansa. Shi ma mai horarwa, Gerard Gallant, korarre ne. Florida ta sallame shi a Nuwamba 2016 bayan wani wasa da suka je yi a waje, har aka ɗauki hotonsa a bakin filin da jakunkunansa yana jiran tasi. Su kansu 'yan wasan suna suka laƙaba wa kansu mai ma'anar 'yan kora na zinariya.

Ba wanda ya ɗauka za su kai labari. Las Vegas gari ne da caca ta yi wa kanta, Allah ya tsare mana samarinmu da ita ma ta fara bi ta cikin waya, kuma gidajen cacar garin sun ce duk wanda ya sa dala ɗaya a kan cewa ƙungiyar za ta ɗauki kofi, 500 zai kwasa. Suna da hujja, domin tarihi ya nuna sabuwar ƙungiya takan sha kashi shekara da shekaru. Washington Capitals a kakarta ta farko, 1974 zuwa 1975, wasa 8 kawai ta ci cikin 80.

Ana sauran kwana biyar su fara, ranar 1 ga Oktoba 2017, wani mutum ya buɗe wuta daga tagar otal a kan taron masu sauraren kiɗa a garin, ya hallaka mutum 58, daga baya wasu biyu suka cika saboda raunukan. 'Yan wasan da ko hanyoyin garin ba su gama sani ba suka bi asibitoci da wuraren ba da jini suna jaje. A wasansu na farko a gida, ranar 10 ga Oktoba, an yi shiru na daƙiƙa 58, sannan wani ɗan wasan baya da ya daɗe da zama a garin, Deryk Engelland, ya yi wa jama'a jawabi, ya kuma ci ƙwallo a daren, suka doke Arizona 5 da 2. Kafin kakar ta ƙare ƙungiyar ta jingine lamba 58, ba mai sake sa ta. Tun daga nan mutanen gari suka rungume su.

Sun ci 8 daga cikin wasanni 9 na farko. Aka ce sa'a ce, a jira. Sai Fleury ya bugu a ka, na biyunsa ya ji ciwo, na uku ma haka, kafin ƙarshen Nuwamba sun yi amfani da masu tsaron gida biyar, na ƙarshen yaro ne ɗan shekara 19. Duk da haka ba su zube ba. Aka koma cewa ai baƙin da suke zuwa wasa ne suke kwana yawon dare a garin, shi ya sa suke kasa kataɓus. Wannan ma ba ta zauna ba, domin a gida sun ci 29, amma a waje ma sun ci 22. Jimilla nasara 51 da maki 109, na ɗaya a rukuninsu, na biyar a cikin ƙungiyoyi 31. Kafin su, mafi yawan makin da wata sabuwar ƙungiya ta taɓa samu 83 ne.

Yanzu mu dawo kan Karlsson. A kakarsa ta ƙarshe a Columbus ya yi wasa 81, ya ci 6. Da ya zo Vegas ya ci 43, mutum biyu kacal suka fi shi a duk gasar. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya, gora iri ɗaya. Me ya canza? A Columbus aikin tsare gida aka ba shi, kusan minti 13 a kowane wasa, a layin baya inda ba a tsammanin ci. A Vegas ba wasu manyan taurari da za su tare masa hanya, sai aka sa shi a sahun gaba tsakanin Marchessault da Smith, minti 18 da ɗoriya. 'Yan wasan sun sha faɗin cewa Gallant ba ya zaunar da mutum don ya yi kure sau ɗaya, yakan mayar da shi fili nan take. Ƙungiyar ma ko kyaftin ba ta naɗa ba a shekarar. Waɗanda suka saki Karlsson ba jahilai ba ne, ƙwararru ne da ake biya maƙudan kuɗi don su san ɗan wasa, ga takardun lissafi a gabansu. Lambar 6 da suka gani gaskiya ce. Abin da lambar ba ta gaya musu ba shi ne a wane gurbi aka ajiye shi har ya ci shidan.

Jama'a, wannan shi ne dalilin da ya sa muka ɗauko labarin. Mu da muke riƙe da alli muna ganin irin wannan hukunci duk shekara a garin nan. Yaron Bahaushe yakan shiga lakwal yana jin Hausa da Dandanci, wani har da Zabarmanci ko Fulatanci, ya iya baƙaƙen allo, amma bai taɓa haɗa jimla ɗaya da Faransanci ba, kuma da Faransancin za a auna shi tun ranar farko. Aji cike maƙil, yana can benci na baya. Wanda iyayensa ma'aikata ne, ya tashi yana jin harshen a gida, shi ne hannunsa kullum a sama, shi ne kuma alli ke zuwa hannunsa. Mako ya zo ya wuce na bayan nan bai buɗe baki sau ɗaya ba. Sai takardar sakamako ta iso gida da jan biro, uba ya duba ya ce wannan ba kan boko gare shi ba, a tura shi rumfa ko kabu-kabu, in mace ce a ɗora mata farantin talla. Alhali yaron nan shi ne ranar kasuwa zai juya maka naira zuwa sefa da ka, ya cire riba, kafin ka gama laluben waya. Da yawa ba su ma kai jarrabawar CEP ba, balle a ce sun faɗi. Kafin uba ya yanke hukunci, kamata ya yi ya tako makaranta ya tambayi malam ina ɗansa yake zama, kuma sau nawa aka kira shi gaban allo a zangon nan. Iyaye ƙalilan ne suke zuwa, kuma mun lura 'ya'yan masu zuwan ba sa daɗewa a bencin baya.

Ba mu ce kowane yaro Karlsson ne ba. Shi kansa bai sake cin 43 ba, a kakar da ta biyo 24 ya ci, alamar akwai sa'a a cikin abin. Haka kuma dokar zaɓen ta fi sauƙi ga Vegas a kan wadda aka gindaya wa sabbin ƙungiyoyin baya, tunda dala miliyan 500 ba wasa ba ce. Amma ko 24 ɗin ta ninka 6 sau huɗu.

A sili-ɗaya-ƙwale, wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai shi ke wucewa. Sun share Los Angeles 4 da babu, San Jose 4 da 2, Winnipeg 4 da 1. Sai ga su a wasan ƙarshe, kuma da wa? Da Washington, ƙungiyar nan mai nasara 8 a shekararta ta farko, wadda McPhee ya shugabanta shekara 17 kafin ta sallame shi, shi ne ma ya zaɓo mata gwarzonta Alexander Ovechkin ɗan Rasha a 2004. Vegas ta ci karon farko 6 da 4. A na biyu, saura ƙiris a tashi, Alex Tuch ya samu raga a buɗe, mai tsaron gidan Washington Braden Holtby ya miƙa gora ya tare abin da kowa ya ɗauka ya shiga. Daga nan ba su sake cin ko ɗaya ba. Ranar 7 ga Yuni 2018, a gidansu, suna gaba 3 da 2 aka shiga zangon ƙarshe, aka tashi 4 da 3. Washington ta ɗauki kofinta na farko bayan shekara 44 tana jira.

Abin da ya biyo baya ba duka ne mai daɗin ji ba. Da ƙungiyar ta ji ƙarfi sai ita ma ta koyi kora. Gallant, wanda aka ba kyautar gwanin masu horarwa a 2018, an sallame shi a Janairu 2020. Fleury an tura shi Chicago a Yuli 2021, 'yan makonni bayan an zaɓe shi gwanin masu tsaron gida na shekara. Foley ya yi alkawarin kofi cikin shekara shida, kuma a Yuni 2023, shekara ta shidan, suka ɗauka. Mutum shida ne kawai suka rage daga 'yan korar farko, cikinsu har da Karlsson da Smith da Marchessault. Ƙungiyar da suka doke a wasan ƙarshen ita ce Florida, kuma Marchessault da ta bari a waje shi aka zaɓa gwarzon zagayen. Shekara guda bayan haka kwangilarsa ta ƙare, ba a daidaita ba, ya tattara ya koma Nashville.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.