Ra'ayinmu: Alkawari Kaya Ne

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu in sun bar wannan jami'a aikin jarida za su kama, wasu kuma ofisoshin kamfanoni za su shiga. To, ga wani labari daga Ingila wanda ya shafi kowane ɓangare.

A watan Nuwamba na 1989 wani saurayi mai suna Bill Goodwin yana koyon aiki a mujallar The Engineer, watau mujallar injiniyoyi da masu masana'antu da ake bugawa a Landan. Ran nan sai wani mutum ya buga masa waya, ya tsegunta masa cewa kamfanin Tetra, mai shirya manhajar kwamfuta, ya shiga matsin kuɗi, yana neman rancen fam miliyan 5. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a ambaci sunansa. Goodwin ya amsa.

Da yake ba a gina labari a kan bakin mutum ɗaya, sai ya tuntuɓi kamfanin don ya ji ta bakinsu. Ashe bayanin ya fito ne daga wata takardar asiri ta kamfanin, wadda kwafinta guda ya ɓace. Nan da nan Tetra ya garzaya kotu, aka hana buga labarin. Bai tsaya nan ba, ya nemi a tilasta wa Goodwin ya miƙa takardun da ya rubuta zancen a ciki, don a gano mai tsegumin. Alƙali ya ba da umurni, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, kotun ƙoli ma ta bi sahu. Goodwin ya ce shi kam ba zai karya alkawari ba. A watan Afrilu na 1990 aka ci shi tarar fam 5,000 saboda raina kotu.

Gaskiya ɗaya ce, kamfanin yana da abin kuka. Mai neman rance, in aka ji yana tangaɗi, masu ciniki da shi watsewa suke yi. Tetra ya shaida wa kotu cewa aikin ma'aikata wajen 400 na iya salwanta. Kuma wa zai so ya kwana da ɓera a rumbunsa bai san raminsa ba?

Amma duk da haka mu muna bayan Goodwin, ga kuwa dalilanmu. Na farko, ɓarnar da kamfanin ke tsoro an riga an tare ta tun ranar da aka hana buga labarin. Abin da ya rage kawai shi ne farautar mutum guda. Na biyu, marubucin mujallar sana'a ba shi da wata rijiyar da yake ɗiban labari sai mutanen da ke cikin sana'ar, kuma duk sun san juna. Ranar da ya tona asirin ɗaya, ranar ce bakin sauran zai rufe. Daga nan me zai saura a mujallar, in ba tallace-tallace da yabon manajoji ba? Wanda zai yi hasara shi ne ƙaramin ɗan kasuwa da ke ba kamfani kaya bashi, da ma'aikacin da ba zai ji komi ba sai ranar sallama.

Goodwin ya kai ƙara Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam. A ranar 27 ga Maris, 1996, alƙalai 11 daga cikin 18 suka yanke cewa umurnin da tarar sun saɓa wa sashe na 10 na yarjejeniyar Turai, wanda ya kare 'yancin faɗar albarkacin baki. Ku lura, alƙalai 7 ba su yarda ba. Wannan ya isa ya nuna mana cewa maganar ba mai sauƙi ba ce, kuma sai da aka shekara shida ana ja kafin a wanke shi.

Saboda haka muna kira ga mai sha'awar alƙalami da ya auna kafin ya ce wa wani "ba wanda zai ji sunanka". Ya tambayi kansa, me wannan mutum ke nufi da ba ni labarin nan? Shin zan iya ɗaukar tara ko ɗauri dominsa? In ba zai iya ba, ya faɗa tun da wuri, gara a ce masa matsoraci da a ce masa maci amana. Mai shirin zama manaja kuwa, ya tuna cewa ɗan jaridar da ya bugo waya yana neman jin ta bakinsa mutunci ya yi masa. In aka saka wa irin wannan da sammaci, gobe wani ba zai tambaya ba, bugawa kawai zai yi.