Ra'ayinmu: A Sake Ƙirga, Kada A Binne

A watan Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da sakamakon wani bincike da ta bi gidaje tana tambayar mutane irin laifukan da aka yi musu tsakanin Mayun 2023 da Afrilun 2024. Abin da ta ce ta gano ya girgiza ƙasa: laifuka kusan miliyan 52, garkuwa da mutane sama da miliyan biyu, kuɗin fansa kuwa Naira tiriliyan 2.23, kuma yankin Arewa maso Yamma ne kan gaba. Ba a yi kwanaki ba hukumar ta sanar cewa an yi wa shafinta na intanet kutse, shafin ya yi makonni a rufe, maganar kuma ta bi shanun sarki.

Mu da iyayenmu ke Gusau da Funtuwa da Birnin Gwari, waɗanda wasunmu suka taɓa cire kuɗin makaranta suka aika gida don karo-karon fansar ɗan'uwa, muna da haƙƙin tofa albarkacin bakinmu.

Da farko, gaskiya ɗaya ce: wasu alƙaluman rahoton ba sa shiga hankali. Ya ce an kashe mutum sama da 600,000 a shekara guda, wato kusan 1,700 kowace rana. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya ƙiyasta kisan kai a duniya baki ɗaya a shekarar 2021 da kimanin 458,000. Ko mai tsananin adawa da gwamnati ba zai ce Nijeriya ita kaɗai ta zarce duniya ba.

Masu nazarin laifuka sun san inda irin wannan kuskure ke fitowa. Ana tambayar gidaje kaɗan ne, sannan a ninka amsarsu ta wakilci ƙasa. Idan abin da ake ƙirgawa ba ya yawan faruwa, ƙaramin kuskure sai ya zama dutse. Mai amsa tambaya kuma yakan jawo abin da ya same shi shekara uku baya ya sa shi cikin bara, domin ciwo ba ya duba kalanda. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. A ƙasar Hausa in an sace mutum ɗaya, gidan mahaifinsa da na kawunsa da na surukansa kowanne zai ce "an ɗauke mana yaro", kuma duk gaskiya suka faɗa, tunda duk sun sayar da hatsi ko akuya sun zuba. Mai tambayar da bai tsara takardarsa da sanin zumuncinmu ba zai ƙirga mutum guda sau huɗu.

To amma gyaran ma'auni daban, jefar da shi daban. Ingila ta fara irin wannan bincike tun 1982, Amurka tun farkon shekarun 1970, kuma sun yi ta gyaran tambayoyinsu har yau. Binciken na Ingila ma ba ya ƙirga kisan kai, rajistar 'yan sanda ake dubawa don wannan. Amfaninsa shi ne tono laifin da bai taɓa isa caji ofis ba, kuma a nan ne rahoton namu ya faɗi abin da kowa ya sani: mafi yawan waɗanda aka yi wa fashi a gida ba su kai ƙara ba. Wannan hukunci ne da talaka ya yanke wa hukuma, ba kuma kutsen intanet ne zai soke shi ba.

Duhun bai tsaya kan waɗanda aka zalunta ba. Su wane ne masu laifin? Shekarunsu nawa, ta yaya suka shiga daji, wa ke kai musu mai da burodi da harsashi? Malamin tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Dakta Murtala Ahmad Rufa'i, ya shiga wurin 'yan bindigar Zamfara ya tattauna da su, ya gabatar da abin da ya samo a 2021. Aiki ne na mutum ɗaya da ya sa ransa a tafin hannu. Gwamnonin da suka yi sulhu da 'yan bindiga, da waɗanda suka rantse ba za su yi ba, da waɗanda suka rufe layukan waya da kasuwannin dabbobi a 2021, babu wanda ya fito wa jama'a da awon da ke nuna ko matakinsa ya rage jini ko ya tura shi ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka ne kawai.

Haka abin yake a kotu da kurkuku. Kimanin kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali jiran shari'a suke yi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi rajistar masu laifi ta ƙasa a hannun 'yan sanda, ta kuma wajabta wa alƙalan majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata su duba waɗanda ke tsare. Muna son a buga mana sau nawa aka yi wannan ziyara a Kano ko Katsina bara, da mutum nawa aka kama da laifin garkuwa, da nawa ne shari'arsu ta kai ga hukunci.

Kiranmu ga Hukumar Ƙididdiga shi ne ta maimaita binciken duk shekara, ta saki takardar tambayoyin da ɗanyen bayanan ga masana su tantance, ta kuma sa waɗanda suka san Hausa da Fulatanci da tsarin gidajenmu cikin masu tsara shi. Ga 'yan wannan ƙungiya kuwa, cikinmu akwai masu digiri na biyu da na uku a ƙididdiga da shari'a da nazarin zamantakewa da har yanzu ke neman abin da za su rubuta kundinsu a kai. Kotunan majistare na jihohinmu cike suke da fayilolin da ba wanda ya taɓa zama ya ƙirga.