Kada Ka Yar Da Tsohuwar Kwamfutarka

Na ji waɗansu 'yan'uwanmu cikin kwalejin nan suna shawarar cin bashi su sayi sabuwar kwamfutar cinya, wai tsohuwar ta gaji, sai mutum ya kunna ta, ya tafi wanka ya komo, ba ta gama farkawa ba. Ni dai ban yarda da wannan shawara ba. Sau da yawa faifan ajiyarta ne kaɗai ya tsufa, sauran jikinta kuwa lafiya lau.

Tsohon faifai juyawa ya ke yi kamar na garmaho, galibi sau 5,400 a minti guda, da wani ɗan hannu mai bin sawun abin da aka ajiye. Sabon irin, wanda a ke kira SSD, ba abin da ke motsi cikinsa, don haka ya fi sauri nesa, girgizar mota kuma ba ta dame shi ba. Yawancin kwamfutocin da ke hannunmu gurbinsu na inci 2.5 ne, irin na SATA. Ka kwafe takardunka tukuna, ka cire batir, ka kwance ƙusoshi, ka zare tsohon ka sa sabon, sa'an nan ka sāke ɗora manhaja. Gigabayit 256 ya ishe mai rubuta shirin darasi. Amma ka duba kafin ka biya, gama akwai ƙanana masu ajiyar eMMC, wadda aka like da dalma, ba ta ciruwa.

Tsohon faifan ma bai zama shara ba. Sa shi cikin ɗan akwati mai igiyar USB, ko kuwa ka cire gidan DVD, wanda ba mu cika amfani da shi yanzu ba, ka sa shi nan. Sai ka auna kaurin gurbin, milimita 9.5 ne ko 12.7.

Inda na ke jan kunne shi ne wajen araha. Na taɓa sayen filashi wai mai gigabayit 128, ashe ƙarya ce. Ana saura mako guda mu fita gwajin koyarwa ya cinye mini shirin darasi duka, na kwana uku ina sāke rubutu. Manhajar H2testw tana tona irin wannan algus, CrystalDiskInfo kuma ta kan nuna sa'o'in da faifai na hannu ya yi aiki. Dukansu kyauta ne.

Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta ajiye ƙaramin sukundireba da akwatin USB guda a laburare, wanda ya bukata ya ara.