Wasiƙa Daga Dingyaɗi: Ƙyauren Gareji Da Hinjinsa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in yi wa 'yan'uwana ma'aikata da malaman makaranta magana a kan ƙyauren gareji.

A nan ƙasar Boɗinga da Shagari, wanda Allah ya hore wa mota, ko babur, ko injin ban ruwa, yakan gina masa ɗan ɗaki a ƙofar gida, ya sa a haɗa masa ƙyaure. Da yake ɗakin ba shi da faɗi, tilas ƙyauren ya buɗe waje. To, jama'a, a nan gizo ke saƙa. Ƙyauren zaure irin na kakanninmu ciki yake buɗewa, ƙafar da yake juyawa a kanta tana ɓoye bayan bango. Amma wanda ke buɗewa waje, hinjinsa yana waje, a idon kowa. Maigida ya sayi kwaɗo mai tsada ya rataya, ya kwanta hankali kwance. Ɓarawo kuwa ko kallon kwaɗon ba zai yi ba. Ƙusa da guduma sun ishe shi ya bugo sandar da ke tsakiyar hinjin, ya janye ƙyauren ta gefe.

Ƙananan hinji na ƙofar ɗaki ba su da wurin zama a nan. Araha ba ta ado. Abin da ya dace shi ne dogon hinji na ƙarfe mai kauri, wanda tsawonsa ya kai kashi 1 cikin 3 na faɗin ƙyauren, a sa guda 3 a kowane ɓari. Maƙeranmu, balle na Maƙera Assada a Sakkwato, sun iya ƙera shi. Sai dai irinsa zobe ne da ake zura wa ƙugiya, saboda haka in duk ƙugiyoyin sama suke kallo, mutum biyu sa ɗaga ƙyauren su sauke shi kamar murfin tukunya. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo: a juya ƙugiyar sama ta kalli ƙasa. In kuwa mai sanda ne, a kai wa mai walda ya like kan sandar.

Kada a yarda a kafa hinji da ƙusa, ko da abin da za a iya kwancewa daga waje. A huda katakon sarai, a zura ƙusa mai zagayayyen kai, notinta na ciki.

Amma dabarar da na fi so duka ita ce wannan. A dasa guntayen ƙarfe 2 ko 3, masu kaurin ɗan yatsa, a gefen ƙyauren da hinji yake, su fito kamar inci 1. A yi musu ramuka a jikin katakon ƙofa daidai da su. In an rufe, sai su shige ramukansu. Daga nan ko an yanke hinjin duka da zarto, ƙyauren yana nan daram, gama abin da ke riƙe da shi yana ciki inda hannu ba ya kai. Ina mamakin yadda kafintocinmu ba su cika yin wannan ba, sai in maigida ya nace.

Saura nauyi. Ƙyaure mai faɗi yakan sunkuya, bakinsa ya riƙa jan ƙasa. A gicciya masa katako daga gindin hinjin ƙasa zuwa kusurwar sama ta wajen kwaɗo. Kuma tun da hunturu yana busar da katako har noti ya yi sako-sako, in sanyi ya wuce a bi su a ƙara ɗaurewa, a ɗiga wa hinjin mai kafin ruwan fari.

Wassalam.

Ni ne naka,
Akawu, Dingyaɗi.