Dogon Hutu a Ƙauye: Ku Yi Guzurin Karatu Tun Daga Gari

Ƙannena ɗalibai, a ƙasashen Turai da Amurka akwai masu shafe watanni cikin jirgin ruwan yawon shaƙatawa, suna tura aikin ofis ta intanet daga tsakiyar teku. Kafin su shiga jirgi sai sun tanadi abu uku: sabis, caji da lokaci. Ku ma masu tafiya dogon hutu ƙauyukan Gaya da Ajingi tanadin nan ya shafe ku, musamman 'yan aji shida, don JAMB ba ta ɗaga wa kowa ƙafa.

Na farko, sabis. Jiragen suna dogara da tauraron ɗan'adam irin na Starlink, wanda ya shigo Nijeriya a 2023, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗalibi. Saboda haka ku sauke tambayoyin shekarun baya a waya tun kuna cikin garin Gaya ko Wudil. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB, don haka ku nemi manhajar gwaji mai aiki ba tare da data ba.

Na biyu, caji. Ku ware kuɗin mai caji, sannan ku kwafe muhimman darussa a littafi. Takarda ba ta mutuwa.

Na uku, lokaci. Hutun nan damina ne, gona na jira. Ku roƙi Baba awa ɗaya bayan azahar, ku riƙe ta kullum.

Tun ran gini, ran zane. Sai mako mai zuwa.