Kafin a taɓa haƙori, a tambayi me aka sha

Maganar da ta ɓata min rai a makon nan daga bakin wani ɗalibin likitancin haƙori ta fito. Wai darasin ilimin magunguna haddar jarrabawa ce kawai, su aikinsu na hannu ne. Ɗana, ba a Maiduguri ba.

Wa yake zuwa asibiti ranar da haƙori ya fara ciwo a garin nan? Sai an gama zaga kemis na Gamboru da Bulumkutu, an sha haɗi na kwana da kwanaki. A cikin ledar haɗin za ka tarar da diclofenac da ibuprofen tare, alhali Ɗanjuma ne da Ɗanjummai: dukansu suna cin bangon ciki, suna rage jinin da ke isa ƙoda. Ga mu a yankin da ciwon ƙoda ya addaba, daga nan har Gashuwa. Likitan da ya ɗora na uku a kai bai tambaya ba, me za mu kira shi?

Kuma ba a nan ta tsaya ba. Tsohuwa ta danna aspirin a jikin dasashi, naman ya ƙone ya yi fari. Mai hawan jini yana shan amlodipine, dasashinsa ya yi kauri, a ce masa ƙazanta ce. Mai shan warfarin a rubuta masa Flagyl, jini ya ƙi tsayawa. Yaron da bai kai shekara 8 ba a ɗirka masa tetracycline, haƙoransa su rine har girma. Amoxicillin kuwa ya zama goro, kowa a miƙa masa, ko da ciko ko cirewa ciwon yake buƙata.

Na san karatun na da nauyi.

Amma dole ne a yi shi, ko don maganar tramol da ba na gajiya da ita. An hana maganin tari mai kodin a 2018, ƙwayar tramol kuwa tana nan a aljihun samarinmu, kuma ciwon haƙori hujja ce mai sauƙin kawowa. Wanda Jami'ar Maiduguri ta yaye gobe, shi zai zauna gaban yaron da ke roƙon "mai ƙarfin nan". In bai san cewa paracetamol da ibuprofen, ga mai lafiyayyar ƙoda da ciki, sun isa yawancin ciwon bayan cire haƙori ba, zai rubuta. Da hannunsa, a takardar asibiti.